Raunin Na'urar Game Boy Ya Zama Jarin Masu Ƙirar Gida

Fiye da shekaru 20 ke nan da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya daina ƙera 'yar na'urar wasan nan ta hannu mai suna Game Boy, amma har yanzu sababbin wasanni ba su daina fitowa dominta ba. Ana tsara su, ana zuba su cikin kaset, ana sa su a kwali mai hoto tare da ɗan littafin bayani, ana kuma sayar da su kamar yadda ake yi a shekarar 1990. Sai dai akasarinsu ba daga Nintendo suke fitowa ba, ko daga manyan kamfanonin da suka riƙa biyansa kuɗin lasisi a wancan zamani. Suna fitowa ne daga hannun ɗaiɗaikun mutane da ƙananan ƙungiyoyi masu aiki a ɗakunansu bayan an tashi daga ofis, waɗanda ake kira masu ƙirar gida.

Lamarin ya fi jan hankali idan aka dubi yadda tsadar harkar ta kai a yau. Wasu takardu da aka gabatar a gaban wata kotun Amurka a shekarar 2023 sun nuna cewa kamfanin Sony ya kashe kimanin dala miliyan 220 wajen haɗa wasa guda ɗaya tak, wato The Last of Us Part II, inda ma'aikata kusan 200 suka shafe shekaru suna aikinsa. Mai ƙaramin jari ba shi da wurin tsayawa a irin wannan fage. Na'urar da aka fitar a 1989 kuwa, saboda ƙarancin abin da take iya ɗauka, mutum ɗaya yana iya cika ta da aikinsa shi kaɗai, ya kuma kai hajarsa kasuwa.

Da tsohuwar zuma

Idan za a iya tunawa, an fara sayar da Game Boy a Japan ran 21 ga watan Afrilu na 1989, shekarar da Nintendo ya cika shekaru 100 da kafuwa a birnin Kyoto a matsayin kamfanin buga karta. Wanda ya jagoranci sashen da ya ƙera ta shi ne Gunpei Yokoi, injiniyan da aka ɗauka aiki a 1965 domin ya riƙa kula da injinan buga kartar. Yokoi yana da wata aƙida da ya shahara da ita a harkar ƙere-ƙere, wadda ma'anarta ita ce a ɗauki fasahar da ta riga ta tsufa, farashinta ya faɗi, kowa ya san halinta, a nemo mata sabon aikin da ba a taɓa ba ta ba. Bahaushe zai ce da tsohuwar zuma ake magani. Da wannan dabara ce ya fitar da ƙananan na'urorin Game & Watch a 1980, inda ya yi amfani da irin allon da ake sa wa kalkuleta a daidai lokacin da gasar masu ƙera kalkuleta ta karya farashinsa.

Haka ya yi da Game Boy. Ya ƙi allo mai launi, ya ƙi sa fitila a bayan allon, ya kuma zaɓi ƙwaƙwalwar kamfanin Sharp wadda tsarinta ya samo asali daga na shekarun 1970. Abokan hamayyarsa sun bi wata hanya dabam. Kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Lynx a 1989, Sega na Japan kuma ya biyo da Game Gear a 1990, dukkansu masu launi da haske, waɗanda duk wanda ya gan su a kanti zai ce sun fi. Amma Game Boy ta shiga kasuwar Amurka a kan kimanin dala 90, alhali Lynx tana kusan dala 180, Game Gear kuma dala 150. Uwa uba batun batir: Lynx da Game Gear kowacce tana cin batir shida cikin sa'o'i uku zuwa biyar, Game Boy kuwa batir huɗu suna kai ta sa'o'i 15 ko fiye. Iyayen da ke sayen batir ɗin su ne suka yanke hukunci. An sayar da Game Boy tare da ƙanwarta mai launi, Game Boy Color, har guda miliyan 118.69, Game Gear kuwa ta tsaya a ɗan sama da miliyan 10.

Wasan da ya fi tallata ta shi ma ɗan ƙarami ne. Tetris, wanda wani masanin kwamfuta na Tarayyar Sobiyet, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiro a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, ya shiga kaset mai ɗaukar kilobayit 32 kacal, aka kuma sayar da kimanin miliyan 35 a kan Game Boy. Mutanen Nijeriya da dama sun san wasan ne ta wata hanya, wato 'yar na'urar nan mai arha ƙirar ƙasar Sin da ake kira Brick Game, wadda ta cika kasuwanni a shekarun 1990 da alkawarin dubban wasanni a jikin kwalinta, alhali kuwa 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Ita ma arha da jimirin batir ne suka sayar da ita.

Abin da na'urar ba ta iyawa

Domin a fahimci aikin masu ƙirar gida, wajibi ne a san girman ɗakin da suke aiki a ciki. Allon Game Boy yana da ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye, jimla 23,040, kuma kowane ɗigo yana iya ɗaukar ɗaya daga cikin duhu huɗu ne kawai, daga mai haske zuwa baƙi, a kan allo mai ruwan ganye. Ƙwaƙwalwarta tana bugawa sau miliyan 4.19 a daƙiƙa, abin da wayar hannu mafi arha ta yau ta ninka sau ɗaruruwa. Ma'ajiyar da take aiki da ita kilobayit 8 ce, wato wurin da zai ɗauki haruffa 8,192. Wannan rubutu kansa ba zai shiga ciki ba. Akwai wasu kilobayit 8 da aka ware domin hoto. Ƙwaƙwalwar ta iya tarawa da ɗebewa, amma ba a gina mata umarnin ninkawa ko rabawa ba, saboda haka mai tsara wasa ko dai ya koya mata ta hanyar maimaita tarawa, ko kuma ya lissafa amsoshin tun da wuri ya ajiye mata su a jadawali, kamar yadda ɗan firamare ke haddace sau.

Hoton ma ba a zana shi kai tsaye. Ana yanka shi ne 'yan murabba'ai masu ɗigo takwas-takwas, a jera su 20 a kwance, 18 a tsaye, tamkar mai shimfiɗa tayil a daɓe, kuma ma'ajiyar hoton ba ta ɗaukar fiye da nau'i 384 na waɗannan murabba'ai a lokaci guda. Wannan ne ya sa duk wanda ya lura zai ga itatuwa da gidaje da duwatsun wasannin Game Boy suna kama da juna: murabba'i ɗaya ne ake ta maimaitawa. Abubuwa masu motsi, kamar mutum ko harsashi ko dabba, ba sa wuce 40 a allo, kuma ba sa wuce 10 a layi ɗaya. Idan na 11 ya shigo layin, na'urar ba za ta nuna shi ba. Masu dabara sukan riƙa sauya wanda za a ɓoye da sauri, ta yadda ido zai ga dukkansu suna ɗan ƙyaftawa maimakon ɗaya ya ɓace ɗungum. Bugu da ƙari, ba kowane lokaci ake iya taɓa ma'ajiyar hoto ba. Na'urar tana sabunta allo kusan sau 60 a daƙiƙa, kuma sai a 'yan tsakanin da ta ɗaga hannu ne mai wasa ke samun damar shigar da sabon zane. Wanda ya makara, hotonsa ya lalace.

Shi kansa kaset ɗin, ƙwaƙwalwar ba ta iya ganin fiye da kilobayit 32 daga cikinsa a lokaci ɗaya. Da wasanni suka fara girma, sai aka riƙa sa wata 'yar ƙwayar lantarki a cikin kaset wadda ke riƙe rabin wurin a tsaye, tana kuma sauya ɗaya rabin kamar mai buɗe shafin littafi. Ta haka ne na'urar 1989 ta iya ɗaukar Pokémon a watan Fabrairu na 1996, lokacin da masu sharhi suka riga suka yi mata kallon tsohuwar da ta gama yayi. Labarin wannan wasa ya nuna yadda ake auna wuri a wannan sana'a. Bayan an kammala gwaji an cire kayan gwajin daga kaset, sai aka samu sararin kimanin bayit 300. Ɗaya daga cikin masu tsara wasan, Shigeki Morimoto, ya cusa wata halitta ta 151 mai suna Mew a wannan ɗan gurbi. Jita-jitar samuwarta ta bazu a tsakanin yaran Japan, ta kuma taimaka wajen tayar da cinikin wasan. Kamfanin da ya yi shi, Game Freak, ya fara ne a matsayin 'yar mujallar da Satoshi Tajiri ke haɗawa da hannunsa domin masu sha'awar wasanni.

Ƙofar da aka kulle da tambari

Ribar irin wannan kasuwanci ba a jikin na'ura take ba, tana cikin kaset. Tun zamanin na'urarsa ta gida a shekarun 1980, Nintendo ya kafa tsarin da duk mai son fitar da wasa sai ya nemi lasisi, ya miƙa wasan a duba, sa'an nan ya biya kamfanin kuɗin buga kaset masu yawa tun kafin ya sayar da ko ɗaya. Kamfanin yana da hujjarsa. Kasuwar wasanni ta Amurka ta durƙushe a 1983 bayan da kowa ya riƙa zubo wasanni marasa inganci har masu saye suka juya baya. Amma tsarin ya kuma tabbatar da cewa mai jari ne kaɗai ke shiga, kuma ko wasa ya karɓu ko bai karɓu ba, Nintendo ya riga ya karɓi nasa.

Makullin da aka sa wa Game Boy na shari'a ne fiye da na lantarki. Idan aka kunna ta, takan karanto wasu bayit 48 daga cikin kaset, waɗanda su ne zanen sunan Nintendo da ke saukowa daga saman allo, sa'an nan ta gwada su da wanda ke cikinta. In ba su dace ba, sai ta tsaya cik. Manufar ita ce duk wanda ya buga kaset ba da izini ba, tilas ya kwafi tambarin kamfanin, ta haka kuma ya buɗe wa kansa ƙofar ƙara a kotu. Sai dai na'urar tana karanta tambarin sau biyu ne, ɗaya domin nunawa, ɗaya domin gwadawa, kuma wasu kamfanonin Taiwan irin su Sachen sun gano haka, suka riƙa ba ta nasu tambarin a karatun farko, su ba ta na Nintendo a na biyu. A ɓangaren doka kuma, wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke hukunci a 1992, a shari'ar Sega da Accolade, cewa binciken yadda na'ura ke aiki domin a yi mata wasa halal ne, kuma kamfanin da ya mayar da tambarinsa makulli ba zai zargi wanda ya bi ta wannan ƙofa tilo ba. Shari'ar ta shafi na'urar gida ce ta Sega, amma ta rage wa dabarar kaifi gaba ɗaya.

Nintendo ma ya taɓa cin moriyar masu haura katanga. A wajen 1990 wani ƙaramin kamfanin Landan mai suna Argonaut, na Jez San, ya warware sirrin Game Boy ba tare da kayan aikin Nintendo ba, inda wani matashin ma'aikacinsa, Dylan Cuthbert, ya sa ta nuna zane mai zurfi kamar mutum yana kutsawa cikin fili, abin da ba a zaci za ta iya ba. Maimakon sammaci, sai aka gayyace su Kyoto. Aikin ya zama wasan X da ya fito a Japan a 1992, haɗin gwiwar kuma ya haifar da Star Fox a 1993.

Ilmin ya fita hannun kamfani ne sosai da zuwan intanet. A 1995 aka fara yaɗa wata takarda da ake kira Pan Docs, wadda masu sha'awa suka tattara bayanin kowane lungu na na'urar a cikinta ta hanyar gwaji da kuskure, kuma har yau ana yi mata gyara da ƙari. A wannan shekara Marat Fayzullin ya fitar da manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi Game Boy, ta yadda mai tsara wasa zai gwada aikinsa ba tare da kaset ba. Kafin ƙarshen shekarun 1990 an samu kayan aiki na kyauta guda biyu, GBDK da RGBDS, waɗanda har yanzu su ne ginshiƙin sana'ar.

Abin da mutane suka yi da wannan dama ya wuce wasa. Game Boy tana da muryoyi huɗu ne kacal, biyu masu ƙara iri ɗaya, ɗaya da ake iya sauya wa amo, ɗaya kuma mai shuu kamar rediyon da ya rasa tasha. Wani ɗalibin zane a birnin Hambug na Jamus, Oliver Wittchow, ya mayar da su kayan kiɗa da manhajarsa Nanoloop a 1998, sa'an nan Johan Kotlinski na ƙasar Suwidin ya fitar da Little Sound Dj a 2000, har aka samu makaɗa masu hawa dandamali da Game Boy a hannu. A shekarar 2000 mujallar Elektor ta masu aikin lantarki ta buga tsarin wani kaset da ke mayar da na'urar abin auna kaiwa da komowar wuta, irin wanda masu gyaran rediyo ke bukata. Kamfanoni masu lasisi su ma sun bi sahu: Bandai ya fitar da na'urar gano kifi a ƙarƙashin ruwa a 1998, Singer kuma ya sayar da keken ɗinki da Game Boy ke ba umarnin surfani.

Kaset ɗaya, aiki biyu

Matsalar da ta dabaibaye harkar tun farko ita ce kayan aikin mai ƙirar gida da na ɓarawon fasaha iri ɗaya ne. Kaset ɗin da ake iya gogewa a sake zuba masa wasa daga kwamfuta shi ne abin da mai ƙira ke bukata domin ya ga aikinsa a kan na'ura ta gaske, shi ne kuma abin da mai son kwasar wasannin wasu kyauta ke nema. Kamfanin Bung na Hongkong, wanda ya yi suna wajen sayar da irin waɗannan kaya, ya sha ƙara daga Nintendo a ƙarshen shekarun 1990. Rikicin ya fi zafi a zamanin Nintendo DS, lokacin da kaset ɗin R4 ya cika kasuwannin duniya. Nintendo da wasu kamfanoni fiye da 50 sun shigar da ƙara a Tokyo, kotu ta hana sayar da shi a watan Fabrairu na 2009, babbar kotun Ingila ma ta haramta shi a watan Yuli na 2010, duk da hujjar da masu sayarwa suka kawo cewa ana amfani da shi wajen wasannin ƙirar gida. Gaskiyar magana ita ce akasarin masu sayen R4 ba ƙira ce ta dame su ba, kuma masu ƙirar sun biya bashin da ba su ci ba.

Wasu kamfanoni sun gwada buɗe ƙofar da kansu. Bayan Yokoi ya bar Nintendo a 1996, ya taimaka wa Bandai wajen tsara WonderSwan, wadda batir ɗaya tak ke tafiyar da ita, ko da yake ya rasu a haɗarin mota a 1997 kafin fitowarta a 1999. A shekarar 2000 aka fitar mata da WonderWitch, kayan ƙira da kowa zai iya saye bisa amincewar kamfani, aka kuma riƙa shirya gasa. Wasan Judgement Silversword da ya yi nasara a gasar 2001 ya shiga kanti a 2004. Kamfanin Game Park na Koriya ta Kudu ya yi makamancin haka da GP32 a 2001. Babu ɗayansu da ya girgiza Nintendo a kasuwa.

A aikace dai wata iyaka ta fito fili. Nintendo bai cika damuwa da wanda ya ƙirƙiri nasa wasan da nasa taurarin domin tsohuwar na'ura ba, amma ba ya ɗaga ƙafa ga wanda ya taɓa dukiyarsa. A watan Disamba na 2016 lauyoyinsa sun dakatar da Pokémon Prism, wanda masu sha'awa suka shafe kimanin shekaru takwas suna ginawa a kan wani tsohon wasan kamfanin, ana saura 'yan kwanaki a sake shi.

Kasuwar yau

Abin da ya sauya girman harkar shi ne fitowar GB Studio a 2019, manhajar kyauta da wani ɗan Ingila, Chris Maltby, ya rubuta. Da ita mutum yana iya haɗa wasa ta hanyar zana wurare da jera umarni, ba tare da ya san harshen ƙwaƙwalwar na'ura ba, ita kuma tana yi masa gargaɗi duk lokacin da ya wuce adadin murabba'ai ko abubuwa masu motsi da Game Boy ke ɗauka. Masu zane da marubuta labari da a dā ba su da hanyar shiga sun shigo. Wasan ban tsoro mai suna Deadeus, wanda aka yi da ita a 2019, ya samu bugu a kaset daga baya. A watan Yuni na 2023 kamfanin abinci na McDonald's ya ɗauki nauyin wani wasan talla, Grimace's Birthday, wanda shi ma da GB Studio aka haɗa shi.

Hanyar samun kuɗin ta bambanta da ta dā. Mai wasa yakan saka shi a shafin itch.io kyauta ko a kan 'yan daloli, idan ya karɓu sai ya nemi masu saye su biya tun kafin a buga, ko ta Kickstarter ko ta hannun ƙananan mawallafa irin su Incube8 Games da Limited Run Games, a buga daidai adadin da aka nema. Haɗarin tara kaya a sito, wanda shi ne ya riƙa karya ƙananan kamfanoni a zamanin lasisi, ya ragu ƙwarai. Har tsofaffin ayyuka sun farfaɗo ta wannan hanya. Kamfanin WayForward na Amurka ya ajiye wani wasan Shantae da ya fara yi wa Game Boy Advance tun 2004 saboda rashin mai bugawa. An kammala shi an fitar da shi a kaset a 2025.

Su ma masu ƙera na'ura sun ga kasuwa, musamman da yake wa'adin kariyar da doka ke bai wa ƙira, wanda bai wuce shekaru 20 ba, ya ƙare a kan Game Boy. Analogue Pocket ta fito a watan Disamba na 2021 a kan kimanin dala 220, tana karɓar tsofaffin kaset, allonta kuma ya ninka na asali sau goma a kowane gefe. ModRetro Chromatic ta biyo baya a 2024 a kan dala 199. Daga birnin Shenzhen na ƙasar Sin kuma kamfanoni irin su Anbernic suna fitar da masu arha, waɗanda dillalai kan sayar cike da kwafin wasannin da ba a biya haƙƙinsu ba, abin da ke nuna tsohuwar matsalar tana nan.

Wani abin lura shi ne yadda wasu suka koma ƙirƙirar iyaka da gangan. Arduboy, wadda Kevin Bates ya nemi kuɗin ƙera ta a 2015, girmanta kamar katin banki ne, ma'ajiyar aikinta kuma kilobayit biyu da rabi, ƙasa da sulusin ta Game Boy. PICO-8 ta Joseph White ba ta ma da jiki: manhaja ce da ke tilasta wa mai ƙira ɗigo 128 a kowane gefe da launi 16. A kanta ne Maddy Thorson da Noel Berry suka haɗa wasan Celeste cikin kwana huɗu a 2015, kafin su faɗaɗa shi a 2018 ya sayar da fiye da miliyan ɗaya. Kamfanin Panic na Amurka ya fitar da Playdate a 2022, mai allo fari da baƙi da wani ɗan hannun juyawa a gefe kamar na injin taliya, ya kuma bai wa kowa kayan ƙira kyauta. A 2024 kamfanin ya bayyana cewa kantinsa na intanet ya sayar da wasanni fiye da 150,000 a shekararsa ta farko, masu ƙira kuma sun samu sama da dala dubu 500.

Wannan adadi ya isa ya nuna ainihin girman kasuwar. Idan aka raba shi tsakanin ɗimbin masu wasannin, kaɗan ne za su iya barin aikin albashi su dogara da shi, kuma ba a ma maganar kwatanta shi da Nintendo Switch da aka sayar da fiye da miliyan 150. Kasuwa ce ta manyan da suka yi ƙuruciya da na'urar, suke kuma da abin saye a yanzu. Ribarta ta fi yawa a wajen horo, domin wanda ya koyi tattalin bayit 300 ba zai yi almubazzaranci da ma'ajiyar wayar hannu ba, kuma wasan da aka gama cikin wata shida shaida ce da mai neman aiki zai nuna.

Iyakar da ta fi damun masu buga kaset a yanzu ta fito ne daga wani wuri da Yokoi bai yi tsammani ba. Game Boy tana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 5, alhali akasarin ƙwayoyin ajiya da masana'antu ke ƙerawa a yau na bolt 3.3 ne, na tsohon ƙarfin kuma suna ƙara wuyar samu. Mai buga kaset na ƙwarai tilas ya ƙara wata ƙwaya da za ta daidaita wutar tsakanin ɓangarorin biyu, abin da ke ɗaga kuɗin kowane kaset. Masu buga na arha sukan tsallake wannan mataki, kaset ɗin ya yi aiki a ranar da aka saye shi, amma ƙwayar tana shan wutar da ta fi ƙarfinta. Haka nan tsofaffin kaset na asali da ke riƙe inda mai wasa ya tsaya da taimakon ɗan batir irin na agogo, batiran nasu suna ta mutuwa saboda tsufa, abin da ya buɗe wa masu gyara wata 'yar sana'ar canza batir da allo da maɓallai, ya kuma sa sababbin masu bugawa da dama suka koma amfani da ƙwayar da ke riƙe bayani ba tare da batir ba.